Ƙaramar jakar da ake turawa ƙarƙashin kujerar jirgi: ta goyo ko ta hannu?

Gwaggon Yara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka saba hawa jirgi zuwa ƙasashen waje ku warware min wannan, don tun jiya kaina ya ɗaure.

Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan je Italiya wurin yayata da ta haihu, daga can in tsallaka Sifaniya wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku a Balensiya, in dawo. Tikitin Italiyar na Turkish Airlines ne, za mu yada zango a Santambul mu sauka Milan. Na Sifaniyar kuwa mijin yayar tawa ne ya yankar min a Ryanair, daga filin jirgin Bergamo, yana ta murna wai ya samu da araha. Da ya turo min takardar sai na ga an rubuta ƙaramar jaka ɗaya tak aka yarda in shiga da ita, kuma dole ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabana.

Ga abin da nake da shi. Akwai ɗan akwati mai taya, irin wanda ake ɗagawa a sa a lokar sama. Akwai baƙar jakar goyo da nake zuwa aiki da ita, na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna ta: tsawo santimita 46, faɗi 31, kauri kuwa ya danganta da abin da na cusa, in ba komai a ciki ba ta kai 15 ba, in na cika ta tana haura 22. Sai jakata ta hannu, wadda ni dai ban taɓa lissafa ta cikin kaya ba, tunda ko maƙwabta zan shiga da ita nake tafiya. A cikin ta goyon nake son sa laftof mai inci 15.6 da cajarsa, da fawa bank da aka rubuta 20,000mAh a jikinsa, da maganin hawan jini, da na olsa wanda na ruwa ne a kwalbar mililita 200, sai turare da man shafawa.

To wacce ce ƙaramar jakar a cikinsu, ta goyon ko ta hannun? Da gaske suna aunawa ko dai tsoratarwa ce kawai? Kuma abin da Turkish ya yarda da shi, ba shi ke nan ba a duk tafiyar?

Hajjaju:

Wa alaikumus salam. Gwaggo kwantar da hankalinki. Ni na sha shiga jirgi da akwati da jakar goyo da ta hannu har da ledar tsaraba, ba wanda ya taɓa ce min ci kanki. Ki rataya ta hannun a kafaɗa, ki gaishe su da fara'a, ki wuce abinki. Allah ya kai ki lafiya, ya raya abin da aka samu.

Malam Na-Hanya:

Hajjaju, da girmamawa, ina kyautata zaton manyan kamfanoni kike hawa, shi ya sa. Maganarki gaskiya ce a irin waɗancan jiragen, amma in Gwaggo ta ɗauke ta ta je Bergamo da ita, aljihunta zai gaya mata.

Gwaggo, ki fara cire wa ranki cewa akwai doka ɗaya ta duniya a kan wannan. Babu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta taɓa gwada kawo awo ɗaya na akwatin cikin jirgi a 2015, santimita 55 x 35 x 20, aka yi mata caa musamman daga Amurka, ba a daɗe ba ta janye. Tun daga nan kowane kamfani da ma'auninsa. Kuma dokar da ke aiki a kanki ita ce ta kamfanin da jirginsa kika taka a wannan zangon, ba ta wanda ya fara ɗauko ki ba. Balle ke da tikiti biyu ne daban, Ryanair bai san da zaman Turkish ba.

A Turkish, ajin talakawa, kina da akwati ɗaya mai kilo 8 da bai wuce 55 x 40 x 23 ba, sannan ƙaramar jaka ɗaya, 40 x 30 x 15. Ki lura, ɗaya na ce. A rubuce kenan kayanki uku sun yi yawa, ko da yake a aikace sau da yawa ba a damuwa da 'yar jakar hannun mace in ba ta cika girma ba. A Ryanair kuwa tikiti mafi araha jaka ɗaya ce jal, 40 x 30 x 20. Da can ma 40 x 25 x 20 ce, a 2025 suka ɗan ƙara. Akwatinki mai taya ba ya cikin lissafi sam sai kin biya masa. Jakar hannun kuma jaka ce a wurinsu: in kina riƙe da ita ga ta goyo a baya, biyu suke gani. Mafita ita ce ta hannun ta shige cikin ta goyon kafin ki isa ƙofar shiga jirgi, in kin zauna ki fito da abarki.

Don ki ga yadda abin yake a warwatse: easyJet na ba da 45 x 36 x 20, Wizz Air 40 x 30 x 20, British Airways 40 x 30 x 15 amma da akwati a kai. Air France da KLM su ma 40 x 30 x 15 ne, sai dai suna haɗa nauyin jakar da na akwatin kada su wuce kilo 12. Emirates a ajin talakawa abu ɗaya mai kilo 7 ya rubuta. A Amurka da inci ake magana, American Airlines 18 x 14 x 8, United 17 x 10 x 9, wato ta United ɗin siririya ce. Jakar da ta wuce lafiya a wancan jirgin tana iya maƙalewa a wannan.

Batun ko suna aunawa. Bambancin yana wurin inda kowa ke cin abincinsa. Babban kamfani ya riga ya sa kuɗin kaya cikin tikiti, damuwarsa dai kada lokokin sama su cika. Kamfanin araha kuwa kujera kaɗai ya sayar miki, jaka haja ce daban da yake jiran ki saya, an ce araha ba ta ado. Shugaban Ryanair ɗin kansa, Michael O'Leary, ya tabbatar a 2025 cewa ana ba ma'aikatan ƙofa ɗan lada a kan kowace jakar da ta wuce ƙa'ida da suka kama, yuro ɗaya da rabi a lokacin, ya kuma ce zai ƙara. To mutumin da ake biya don ya hango jakarki, fara'a ba za ta rufe masa ido ba.

Ga yadda abin ke faruwa. A bakin ƙofa akwai wani kejin ƙarfe mai rami biyu, ƙarami na jakar ƙarƙashin kujera, babba na akwati. Kina cikin layi ma'aikaciya za ta bi da ido, ta nuna ki ta ce sa jakarki a nan. Idan ta shige, ko da ɗan dannawa ne, kin wuce. Idan kanta ya leƙo sama ko aljihun gefe ya tokare, sai a miƙo miki na'urar kati, a ɗaura wa jakar lamba a tura ta ƙasan jirgi, kuma kuɗin ƙofa ya kan fi na tikitin da aka yi murnar samu da araha. Na taɓa ganin wani bawan Allah a irin wannan layin ya durƙusa ya buɗe jakarsa, ya ciro riguna uku ya jera a jikinsa ɗaya kan ɗaya, ya cusa caja da safa a aljihun kwat, ya sake gwadawa ta shige. Jama'a na dariya, shi ko a jikinsa, don abin da ka sa a jiki ba a auna shi.

Jakarki mai tsawon 46 ta wuce da santimita 6. Ki taɓa bayanta ki ji. In akwai wani abu mai tauri da aka ɗinke a ciki tun daga sama har ƙasa, ba za ta lanƙwasu ba, ki haƙura da ita. In yadi ne zalla da soso mai laushi, kuma ba ki cika ta har wuya ba, saman zai iya naɗewa. Laftof mai inci 15.6 yawanci tsawonsa wajen santimita 36 ne, don haka shi ba matsala ba ne. Amma ni da ni ne, ba zan je ina addu'a a layi ba, zan nemi wadda awonta ya dace tun daga gida.

Sai akwatin. In kin ga dole ki je Sifaniya da shi, ki sa a saya miki ƙarin nan da suke kira Priority ta manhajarsu tun kafin ranar, yana ba ki akwati mai kilo 10. Amma ki sake ɗauko tef ɗin nan, don awonsu 55 x 40 x 20 ne, kauri 20 ba 23 irin na Turkish ba, kuma da taya da mariƙi ake aunawa. Waɗannan santimita ukun sun kayar da mutane da yawa.

Injiniya:

Malam ya gama da batun awo, bari in taɓa abin da ke cikin jakar.

Fawa bank ɗinki lafiya lau. Ƙa'idar ba da mAh ake yinta ba, da Wh ne, wato ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka. Ki ninka 20,000 ɗin da 3.7, wato volt ɗin irin wannan batirin, ki raba da 1,000, zai ba ki Wh 74. Duk abin da bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi ba tare da neman izini ba, daga 100 zuwa 160 sai kamfani ya amince, abin da ya haura haka ba ya hawa jirgin fasinja. Ki tabbata rubutun jikinsa bai goge ba, don mai bincike in bai ga lamba ba yana iya karɓewa.

Abin da ba a sassautawa shi ne inda za ki sa shi: ba ya shiga kayan da ake turawa ƙasan jirgi, ko kusa. Batirin litiyam in ya kama da wuta, gara ya kama a inda ido zai gani a kashe. Yanzu ma wasu kamfanonin ba sa son shi a lokar sama. A ranar 28 ga Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, mutum 176 da ke ciki duk suka fita da rai, kuma masu bincike sun karkata ga cewa fawa bank ne a lokar sama ya jawo. Bayan nan Koriya ta hana ajiye shi a sama, Singapore Airlines ya hana amfani da shi a cikin jirgi, Emirates ma ya bi sahu daga 1 ga Oktoban 2025, ya ce guda ɗaya kawai, kuma a aljihun kujera ko cikin jakar da ke ƙarƙashin kujera. Don haka ki sa shi a ƙaramar jakar, ki yi cajin wayarki tun a ƙasa.

Kayan ruwa: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, duka su shiga leda ɗaya da ake ganin cikinta, mai cin lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa ba abin da ya rage a ciki ba, kwalbar 150 da ta kusa ƙarewa shara za ta tafi. Man shafawa da man goge baki duk ruwa ne a wurinsu. Dokar ta samo asali ne a Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadaran ruwa a kwalaben lemo. Wasu filayen Turai masu sabbin na'urorin bincike sun sassauta, amma ba duka ba, kuma ke filaye da yawa za ki ratsa, ki shirya wa mafi tsanani kawai.

Maganin olsar shi yana da rangwame. Magani na dole ana barinsa ko ya wuce 100, ki bar shi a kwalinsa, ki riƙe takardar likita, ki fito da shi da kanki ki nuna kafin a tambaya. Za su iya gwada shi a wata na'ura, minti biyu ne.

Gwaggon Yara:

Kai, Allah ya saka da alheri, Malam da Injiniya. Na taɓa bayan jakar, akwai wani faranti mai tauri a ciki, ko motsi ba ya yi. Akwatin kuma da tayoyinsa kaurinsa 23 cif. Ke nan duka biyun sun faɗi jarrabawa tun ba a je ba.

Na yanke shawarar barin akwatin a gidan Yaya in je Sifaniya da jaka ɗaya. Amma fa tsakani da Allah, kayan kwana uku da laftof da jakar hannu a cikin abin da bai wuce 40 x 30 x 20 ba? Taro ne, ba zan maimaita kaya ɗaya kwana uku a gaban mutane ba. Sannan na ce wa mijin Yaya ya zaɓar min kujerar layin farko saboda gwiwata, ina son wurin miƙe ƙafa. Da matsala?

Anti Mai Jirgi:

Ƙanwata, na yi shekaru ina aikin cikin jirgi kafin in ajiye, bari in fara da kujerar don ita ce ta fi gaggawa. Layin farko ba kujera a gabanki, bango ne, don haka babu inda za ki tura jaka. Haka ma layin ƙofar gaggawa, ba a barin komai a ƙasa. Lokacin tashi da sauka dole jakar ta hau sama, har ta hannun, kuma in kin shigo a makare lokar da ke kanki ta cika, sai a kai ta layi na goma ki yi ta waige. Sannan kujerar da ke bakin ƙofa ana ba wanda zai iya taimakawa ne in wani abu ya faru, in kika ce gwiwa na damunki ma'aikaci na da ikon ya canza miki wuri. Ki nemi kujerar bakin hanya a layin da ke da kujera a gaba, kya riƙa miƙe ƙafar jefi-jefi. Sai dai ki sani ramin ƙarƙashin kujerar bakin hanya a jirage da yawa ya fi na tsakiya matsi, saboda yadda ƙafafun kujerun suke, a manyan jirage kuma wani lokacin akwai akwatin na'urar talabijin da ya cinye rabin wurin.

Abin da nake son ki riƙe, ba don Ryanair kaɗai ba, har a Turkish ɗin: a duk kayanki, jakar ƙarƙashin kujera ce kaɗai kike da tabbacin za ta kwana tare da ke. Akwatin da aka auna a teburin karɓar kaya aka tura ƙasan jirgi yana iya yin zamansa a Santambul ke kina Milan. Mai tayar ma ba naki ba ne sai kin ga an rufe loka a kansa, don in jirgi ya cika, a bakin ƙofa muke karɓar na mutanen ƙarshe mu tura ƙasa, kyauta amma ba shawara. A nan ne ake shiga uku. Mutum ya miƙa akwati cikin sauri, sai an tashi ya danna ƙararrawa ya ce maganin sukarinsa na ciki, ko fasfonsa. Ba mu da hanyar zuwa ƙasan jirgi a sama, sai dai mu ba shi haƙuri.

Don haka fasfo, takardun biza da na masauki, kuɗi, magunguna, tabarau, waya da caja, fawa bank, laftof, da canjin kayan ciki guda, duk a ƙaramar jaka, ko da kina da akwati a sama da sarari fal. In aka ce za a karɓi mai tayar, ki miƙa ba tare da kin durƙusa kina tono a gaban layi ba.

Kayan kwana uku kuwa za su shiga. Wannan awon lita 24 ne, ba kaɗan ba ne in kin iya. Ki sa mafi nauyin kayan a jikinki ranar tafiya, da takalmin da za ki shiga taro da shi, kada ki ɗauki na biyu, takalmi ne ke cinye jaka. Sauran kala biyun ki zaɓi yadi mara nauyi da ba ya yamutsewa, ki naɗe su kamar tabarma maimakon ninkewa. Laftof ya kwanta a jikin baya, kaya a tsakiya, ledar kayan ruwa a can sama inda hannu zai kai da sauri wurin bincike. Babbar jakar hannun ki bar wa Yaya ajiya, ki ari 'yar ƙarama shafaffiya da za ta ɗauki fasfo da waya ta kuma shige cikin ta goyon. Rigar sanyi a hannu ko a jiki, ba a lissafa ta.

Hajjaju:

To ni dai har yanzu ina ganin zalunci ne a ce mace ta cusa jakar hannunta cikin wata jakar. Ba hukumar da ke tsawata musu ne? Kuma ledar shagunan cikin filin jirgi fa, ita ma sai an cusa?

Malam Na-Hanya:

Hajjaju ba ke kaɗai ke ganin haka ba. A Nuwamban 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanonin araha biyar, Ryanair da Vueling da easyJet da Norwegian da Volotea, yuro miliyan 179 gaba ɗaya, kuma cajin kuɗin jakar cikin jirgi na cikin laifukan da ta lissafa. Kamfanonin suka garzaya kotu. A Yunin 2025 kuma kwamitin sufuri na Majalisar Turai ya goyi bayan a ba kowane fasinja ƙaramar jaka 40 x 30 x 15 da ɗan akwati mai kilo 7 kyauta. Amma ƙuri'ar kwamiti daban, abin da ma'aikaciyar ƙofa za ta yi aiki da shi daban. Gwaggo ta bi abin da ke rubuce a tikitinta, ta kuma sake leƙa shafin kamfanin ana saura kwana biyu, ta ɗauki hoton awon a waya.

Ledar shagon cikin fili, kamfanoni da yawa na barin guda ɗaya a kan jakarki, in dai bayan bincike kika saya. In turare ne ko wani abin ruwa kuma akwai sauran zango a gaba, ki ce su sa miki a ledar nan da ake liƙewa da rasit a ciki, kada ki buɗe sai kin isa, don a wurin yada zango akan sake bincike.

Gwaggon Yara:

Na samu wata jakar makaranta a wurin ɗan ƙanena, na auna ta 39 x 28 x 18, laftof ɗin ya shige da kyar amma zif ya rufe. Na gwada naɗe kala biyu yadda Anti ta ce, sun shiga har da sauran wurin ledar turare. Kujerar ma an canza min zuwa bakin hanya. Saura tambaya ɗaya: a Turkish da suka ce kauri 15, wannan mai 18 ɗin fa?

Anti Mai Jirgi:

A wancan zangon ai kina da akwatin sama, ki mayar da tufafin cikinsa. Jakar makaranta in ba komai sai laftof da magani da takardu, ba za ta kai 15 ba. Ki dai kula da nauyin akwatin ranar dawowa, lokacin da Yaya ta gama cusa miki tsaraba, don kilo 8 ɗin nan sukan ɗora shi a sikeli tun a teburin karɓar kaya.